Wayar Kaka da Bokitin Malamin Horo

Ko da sabulu za a wanke mini ƙwaƙwalwa, ba zan manta da ranar da na kai ƙarar kaina gaban makaranta guda ba, alhali ba wanda ya tambaye ni.

Ina aji biyar na sakandare lokacin. Makarantarmu tana bayan wani kamfanin roba a Sharaɗa, layin wutarsu ɗaya, saboda haka kullum da wuta. Mu kuwa a Ɗorayi sai mu yi kwana da kwanaki fanka ba ta juya ba. Shi ya sa rabin 'yan ajinmu ke zuwa da wayoyin gida a ɓoye, su maƙala a soket ɗin bayan aji. Da abin ya ishi hukumar makaranta, sai ta kafa doka: duk wayar da aka kama a lokacin karatu, ta ɗaliba ce ko ta malami, cikin bokitin ruwa za a tsoma ta a gaban kowa. Malamin horo ne ya dage sai an saka malamai a ciki, wai don mu ga adalci.

Ran nan ina saka hijabi kakata ta miƙo mini 'yar wayarta mai tocila.

"Ungo, ki cika mini ita a makarantar taku. Yau kawunki zai kira daga Agadas."

"Kaka, an hana fa. A ruwa ake jefawa."

"A jefa mana. Ke ma in kin dawo ba ita, a rijiya zan jefa ki."

Wayar nan ita ce ran Kaka. Da ita take jin muryar autanta, a ƙarƙashin filo take kwana. Ba yadda na iya, na cusa ta cikin safa na tafi ina ɗingishi.

A wajen taron safe ga malamin horo a tsaye, bokitinsa cike taf, bulala a hammata, yana ta bayani kan yadda waya ke lalata tarbiyya. Shugabar makaranta, wata Hajiya mai gilashi, tana zaune a gefe. Ni kuma ina layin gaba, don na ƙi jinin tsayuwa a baya. Kwatsam sai waya ta ɗauki ƙara. Kiɗan nan na ƙananan wayoyi, sak na Kaka.

Malam ya zaro ido. "Wace ce? Ta fito da kanta kafin in fito da ita!"

Ni dai Allah bai yi ni da jira ba. Ko layin awara ya yi tsawo, haƙura nake in bar shi. Na ce a raina, da a tsaya ana lalube mu ɗaya bayan ɗaya cikin rana, gara a yi ta ta ƙare. Na tuɓe takalmi, na zaro waya daga safa, na ɗaga sama.

"Ni ce, Malam. Ta kakata ce. Ku jefa, amma ku za ku je ku yi mata bayani."

Ya karɓa da 'yan yatsu biyu yana yamutsa fuska, ya ɗaga ta saitin bokiti. Ni kuwa ina hango rijiyar gidanmu. Sai dai ƙarar ba ta tsaya ba. Ya danna, ya sake dannawa, ya jijjiga. Wayar baƙa ƙirin, kiɗa kuwa sai tashi yake.

Hajiya ta sauke gilashi. "Malam, kamar daga aljihunku ne."

A nan hankalina ya dawo. Wayar da na kawo caji, wadda ta mutu tun jiya, ta ina za ta yi ƙara? Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Malam ya zaro tasa, irin ta Kaka har launi. Ya tsaya, waya a kowane hannu, bokiti a gaba, ɗalibai na ta danne dariya cikin hijabi. Mai hankali shiru za ta yi. Ni kuwa bakina ya riga ni.

"Malam, ai kun ce har da malamai. Wacce za a fara da ita?"

Fili ya ɓarke. Hajiya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce dokar na buƙatar gyara, daga yau ofis za a riƙa ajiye waya sai an tashi. Ta karɓe duka biyun. Ni kuma aka ba ni sharar kwatar bayan makaranta, wadda ruwan kamfani ke bi, wai ladan baki.

Da aka tashi na je karɓa ina wari, na tarar Hajiya ta jona ta a caji, ta cika. Da na kai gida Kaka ta duba, ta washe baki.

"Kai, makarantar nan taku akwai mutunci. Gobe ki tafi da ta maƙwabciyata ma."

Tun daga ranar, in aka ce mai laifi ya fito, nakan tsaya in tabbatar ni ce tukuna. Bakin dai har yanzu bai gyaru ba, amma na koyi barin kaina ya riga shi, ko da da taki ɗaya ne.