Yadda Teku Ta Biyo Motar Maigidana a Fuwairit

Liman na sallame sallar asuba muka bar unguwar Abu Hamour ta Doha, ranar Juma'ar da ta wuce, mu uku a mota. Ni ne a sitiyari. Kusa da ni abokin ɗakina ne, mai gadi a ɗaya daga cikin dogayen benayen West Bay, mutum mai surutu da son ci. A baya kuma wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatun digiri na biyu, wanda shi ya kawo maganar tafiyar. Ya ce a arewa, wajen Fuwairit, akwai wani tudun dutse da ya miƙe a bakin teku, da 'yar hanyar ƙafa a samansa, idan mutum ya hau zai ga ruwa iya ganinsa.

Kafin na ci gaba, dole ku san matsayin motar. Ba tawa ba ce. Ni direban gida ne, motar kuwa ta kafil ɗina ce, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki. Ita ce ƙaramar da nake kai yara makaranta da zuwa cefane. Da na roƙi aronta ya miƙo mini makulli, ya ce yadda ta fita haka za ta dawo. Bai ƙara komai ba, kuma ba sai ya ƙara ba. Direban da na gada mota ya lalata aka sallame shi. Ni kuma lokacin sabunta kwantiragina ya matso, ga iyali a Gusau da aikin nan ke riƙe da su. Saboda haka tun ranar Alhamis na duba mai, na duba ruwa, na duba tayoyi har da ta ajiya. Sannan na kafa doka: ba a ci a cikin mota, ba a ɗora ƙafa a kujera, kuma za mu dawo Doha kafin huɗuba.

Hanyar arewa mai faɗi ce, babu rami ko ɗaya, sai kyamarori da ke jiran mai ganganci. Ni ba na ba su abin ɗauka. Mun wuce Umm Salal gari bai gama wayewa ba, muna hango gonaki da kawunan dabino ta bayan katanga. Can gaba muka tsaya a wani shagon shayi kusa da gidan mai. Shayin karak ne, mai kauri da madara, riyal ɗaya kofi, da wani burodin Indiyawa mai laushi da aka naɗe ƙwai a ciki. Sanyi ake yi sosai, iska na shiga har cikin riga.

Mai gadi ya dube ni da kofi a hannu. "Oga Direba, ka ji tsoron Allah. Ko a bakin kujera in zauna, ƙafata a waje?"

Na ce, "Har kai a waje."

A tsaye muka karya.

Daga nan muka saki kwalta muka hau hanyar burji, ina tafiya a hankali saboda tsakuwa. Rana ta ɗan ɗago lokacin da tudun ya bayyana. Ba wani dogon dutse ba ne, wanda ya san duwatsun Kwatarkwashi zai yi masa dariya. Amma a ƙasar da ko'ina shimfiɗe yake, shi ma dutse ne.

Sai maganar wurin ajiye mota. Ta sama duk duwatsu ne masu kaifi, na ji wa tayoyi tsoro. Ta ƙasa kuwa, a gindin tudun, ga wani fili na yashi mai faɗi, sumul kamar an share, ruwan teku can nesa da shi. Na sauka na taka da ƙafa, na ji ƙasa da tauri. Sannan na yi abin da duk ɗan garinmu zai yi: na ɗaga kai na duba sama. Gabas tas, yamma tas, babu alamar hadari. A wurinmu da rani cikin kogi tifofi ke shiga su loda yashi, direba ya kwanta ƙarƙashin mota ya yi barci. Ruwa ba ya zuwa sai an yi ruwan sama. Ɗalibi ya duba taswira a wayarsa ya ce wurin ƙasa ne. Mai gadi ya ce ko filin idi albarka. Mu ukun muka yarda, na ajiye motar, na kulle.

Hanyar saman tudun gajera ce, ko tsoho zai bi ta. Dutsen fari ne, duk ramuka, a jikinsa akwai ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka maƙale suka zama dutse. Na ce mu jeru ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya matsa baki, domin gefen a zaizaye yake, ƙasansa rami. Na shiga gaba.

Gaskiya ɗalibi bai yi ƙarya ba. Ruwan kusa kore ne, kana ganin yashin ƙasansa, can gaba ya koma shuɗi, can gaba kuma ba ka iya raba shi da sama. Ga tsuntsaye farare suna faɗawa ruwa suna tashi. Ga jiragen masunta biyu ko uku a nesa. Wasu Turawa sun ɗaure kansu da wata irin laima, iska na jan su a kan ruwa, mai gadi ya ce waɗannan ba su da iyaye a raye. Ta ɓangaren tudu kuma tantunan 'yan ƙasa ne, waɗanda ke fitowa zaman daji lokacin sanyi. Na daɗe a Doha ina ganin teku ta gilashin mota, ina sauri kada yara su makara. Ban taɓa zama na kalle ta ba sai ranar. A ƙarshen hanyar muka sami wani faffaɗan dutse muka zauna. Mai gadi ya yi ta ɗaukar bidiyo yana aika wa matarsa. Ni kuwa ban so tashi ba. Mun daɗe fiye da yadda na tsara.

A hanyar dawowa ne mai gadi ya tsaya cak.

"Oga, wata mota ce can a cikin ruwa, irin tamu sak."

Na leƙa. Filin da muka bari babu shi. Ruwa ya shimfiɗu a kansa, siriri, yana sheƙi, ga motar maigidana a tsakiya. Abin da na fara yi, ku yarda ko kada ku yarda, sama na sake dubawa. Babu ko gajimare.

Dokar tafiya a jere ta watse. Ban san yadda na sauka daga dutsen nan ba. Ruwa ya kai idon sawu, yana lasar tayoyi, kuma ƙaruwa yake yi a hankali, babu ƙara babu igiya. Na shiga na tayar, na taka. Tayoyin gaba suka juya a wuri ɗaya suka tona rami. Yashin da na taka ɗazu da tauri ya zama kunu. Su biyun suka tura, na sake takawa, ta ƙara nutsewa. Na kashe inji. Na riƙe sitiyari ina Innalillahi, ina ganin fuskar maigidana, ina ganin kaina a filin jirgi da jaka.

Allah Ya kawo wani dattijo ɗan ƙasa daga tantunan nan, shi da ɗansa, wani magidanci, a babbar motarsu. Ashe tun daga nesa suke kallonmu. Dattijon bai tambaye mu komai ba. Ya nuna tayoyi ya ce a rage iska, ɗansa ya tattare farar rigarsa ya shiga ruwa ya ɗaura igiya. Dattijon ya ce mini kada na taka da ƙarfi, na bi shi kawai. Ya ɗaga murya, "Yalla, yalla!" wato mu je. Igiya ta miƙe, motar ta yi nishi, ta girgiza, ta fito. Sai da muka hau kan tsakuwa ya ɗaga hannu ya ce khalas, wato shi ke nan. Na sauka, na buɗe ƙofofi na shafa kafet. A bushe yake.

Suka ja mu tanti, aka ba mu gahawa da dabino. Dattijon ya yi mana bayani da hannu da guntun Turanci: ruwan nan kullum yana janyewa yana dawowa, da hadari ko babu. Filin da muka gani na ruwan ne, fita ya yi.

Ɗalibi ya dafe kai. "Wallahi mun yi wannan a sakandare. Wata ne ke jan ruwan."

Mai gadi ya ce, "To Malam, ajiye shi ka yi sai ranar jarrabawa?"

Kafin mu gama gahawa na waiwaya wurin da motar ta tsaya. Ruwan da ke wurin ya isa ya shiga ƙofa. Na ajiye kofi na yi hamdala a fili. Da za mu tafi suka mayar mana da iskar tayoyi, dattijon ya ja kunnena cewa a wanke ƙasan motar yau, kada gishiri ya kwana a jikinta.

Juma'a a wani ƙaramin masallaci na bakin hanya muka same ta, wandunanmu jiƙe, muka tsaya a sahun baya. Daga nan sai wurin wankin mota. Na tsaya a kansu har aka ɗaga ta aka wanke ƙasan, na sa aka maimaita.

Muna shiga Doha mai gadi ya ce, "Ta fi yadda ta fita kyau. Ka miƙa makulli ka yi shiru, wa ya gani?"

Na ce ni na gani. Idan tsatsa ta fito bayan wata biyu, me zan ce?

Bayan la'asar na sami maigidana a ƙofar gida. Na gaishe shi, na ba shi labari daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba. Bai katse ni ba. Ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya buɗe gaba ya duba inji. Ya tambaya ko ruwa ya shiga, na ce a'a. Ya tambaya ko an wanke ƙasan, na ce sau biyu.  Sannan ya tambaye ni abin da ya sa na ajiye ta a wurin. Na ce na duba sama ban ga hadari ba.

Ya yi dariya har ya dafa mota. Da ya nutsu ya ce in kawo katin zamana ranar Lahadi a fara maganar sabuntawa, ya karɓi makulli ya shige.

Abin da na koya shi ne, na duba duk abin da na san ana dubawa, abin da ban sani ba kuwa ban tambayi kowa ba, alhali ga mutanen wurin zaune a tantunansu. Duk wanda zai je Fuwairit ya je, wurin ya cancanci zuwa. Amma ya bar motarsa a kan tsakuwa. Yashin nan mai kyau da za ku gani a gindin dutse yana da mai shi, kuma yana dawowa.