Ƙullin da injiniya ya kwance

Shekarun baya an kore ni daga aiki a kan laifin wani, kuma mai laifin ne ya miƙo mini takardar sallama da hannunsa.

Ina shigar da sunaye ne a ordinateri, a wani furoje na manoman tattasai nan Diffa. Lakkwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, da yatsa biyu nake bugawa, amma na san aikina. Akwai jerin manoma, kowa da lambarsa, akwai jerin gonaki, kowace ƙulle da lambar mai ita. In tsoho ya rasu na zo goge sunansa, inji ya ƙi, sai na fara mayar da gonar kan ɗansa. Har zaginsa nake yi, ashe asirina yake rufewa.

Sai aka turo wani injiniya daga Yamai. Manoman gabas da na yamma jerinsu daban, ya haɗa su a allo guda. Allon nan ba jeri ba ne, madubi ne kawai, kuma inji ba ya yarda a ƙulla gona a jikin madubi. Ya gwada, ya ƙi. Sai ya kwance ƙullin gaba ɗaya, bai gaya wa kowa ba. Wanda ya gaje ni ne ya bayyana mini wannan daga baya.

Ni dai na ga goge suna ya daina gardama. Na ce wa injiniya, "Mushe, yanzu ba ya ƙi?" Ya ce, "An gyara, inji ke mayar da gonar da kansa."

Ranar rabon motopom, injin ban ruwa, wani magidanci daga bakin Komadugu ya tsaya gabana. "Malam, gonar babana fa? Ba kai ka rubuta ni ba?" Na duba. Ga gona, ga lamba, ba kowa bayan lambar. Na duba ta gaba, da ta gaba. Duk gidan da aka yi rasuwa haka yake. Suka koma ba injin ban ruwa, shukar shekarar ta wuce su.

Shef, shugaban furojen, ya tambayi injiniya. Injiniya ko kallona bai yi ba, ya ce, "Kuskuren mai bugawa ne."

Har yau in abu ya daina mini gardama, tsoronsa nake ji.

Bayan shekaru na gamu da injiniyan a tasha, ya yi tumbi, ya miƙo hannu yana dariya. Ban karɓa ba. Na ce, "Mushe, injin nan da nake zagi ya fi ka amana. Shi da bai iya ba, ya ce bai iya ba. Kai ka ce an gyara."