Lemun da na dasa a gidan haya

Gidan da muke haya yana can ƙarshen Tawa, inda kwalta ta gaji ta tsaya. In ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka unguwarmu, sai ya dubi tayarsa tukuna kafin ya dube ka. Lokacin da munka tare ni da matata, rabin unguwar gonaki ne. Da damina gero na tsaye tsakanin katangun da masu su sunka fara sunka bari. Ɗaki huɗu ne a jere, kowane da ƙofar kwano shuɗiya, makewayi ɗaya, sai tsakar gida fetal, ko inuwar da kaza za ta laɓe babu.

Mai gidan mutumin Kalfu ne, yana Abijan wajen biɗa kamar yawancin ƴan uwanmu Adarawa. Daga can ya riƙa aiko da abin gini har gida ya tashi. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani a waya. Wanda ke riƙe masa gidan yayansa ne, wani dogon Alhaji mai tsadar dariya da ke zaune ƙauye. Shi ma ba zuwa gidan yake ba. Ranar Lahadi yake shigowa kasuwar bisashe, ta awaki da shanu, inda nake da rumfar igiya, mu gaisa, in ba shi abin da ke nasu, ya koma. Shekaru anka yi haka.

Ni mutumin wajen Bambeye ne. Gonar ubanmu da anka raba mana mu bakwai, rabona bai isa jaki ya yi birgima ya miƙe ƙafa ba, sai na bar wa ƙanena na shigo birni. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, abin da na fito da shi bai wuce tabon bulala da rubuta sunana a karkace ba. Amma akwai abin da na sani tun ban san dama da hagu ba, don kowane ɗan ƙauye da shi ya tashi: wanda anka ba aron gona ba ya dasa icce, ba ya gina rijiya. Gero kake shukawa da wake, abin da za ka kwashe ka tafi. Icce kuwa zama yake yi ya girma, wata rana jikanka ya nuna shi ya ce kakana ya dasa, ƙasar nan tamu ce. Na san wannan sarai. Ina faɗi ne don kada wani ya ji tausayina ya ce rashin sani ne.

Wata bazara zafi ya kai inda kwanon ɗaki ke ƙara shi kaɗai da rana tsaka. Na dawo na iske matata, tsohuwa kamar yadda nake kiranta, tana tuƙa tuwo, ta kifa faifai a ka saboda rana. Washegari wani mai garka, lambu ke nan, da ke sayen igiyar guga wurina ya ba ni ɗan dashen lemun tsami a cikin gwangwanin tumatir. Na shigo da shi gida ina ɓoyo a bayan riga kamar na sato.

"Mi za ka yi da wanga?" in ji tsohuwa.

"Inuwa zan yi maki."

"Gidan ubanka ne?"

"Nan birni ne. Dokar ƙauye tasha take tsayawa, ba ta shigowa gari."

"Kai dai ka sani, Malam. Ranar da anka kore mu, kai za ka ɗauki turmi."

Na dasa shi daidai inda muke alwala, don ruwa a Tawa ba abin zubarwa ba ne, daga hannun mai ga-ruwa muke samunsa. Na kewaye shi da tsohuwar tayar mota, na jera bulo, na ɗora ƙaya. Awakin unguwa sunka ɗauke ni abokin gaba. Akwai wata baƙar akuya da ta san lokacin da nake tafiya masallaci fiye da ladan. Sau biyu tana aske shi tas, sau biyu yana tohowa.

Tsohuwar da ta hana, ita ta fara zuba masa ruwan wankin shinkafa. In na kama ta sai ta ce ba ta ga wurin zubarwa ba ne. Maƙwabcinmu na ɗakin kusa, wani malamin lakwal mutumin Maraɗi da kowa ke kira Mushe, shi ma ya mai da alwalarsa can. A shekara ta biyar lemu ya wuce katanga. Tsakar gidan da ba mai iya tsayawa ta koma wurin zama. Nan Mushe ke gyaran takardun ƴan ajinsa yana tsaki, nan nake tufka igiya, nan tsohuwa ke ɓarar gyaɗa. Matan unguwa na sallama su roƙi biyu ko uku, wannan don kunu, waccan don mura, wata don wanke tukunya. Ni kuwa in miƙa hannu in tsinko ina hura hanci, sai ka ce wani mai garka a fadama.

Damina ce ta tona mani asiri. Ruwa ya yi kwana biyu, katangar baya ta tsage daga sama har ƙasa. Dole na gaya wa Alhaji a kasuwa, ya ce bari ya zo ya gani da idonsa. Munka shiga gida tare bayan azahar. Bai ko dubi katangar ba. Ya tsaya ya ɗaga kai, ya bi iccen da kallo tun daga kai har gindi.

"Wa yad dasa wanga?"

Da na ce ni ne, ku yi haƙuri, wataƙila da maganar ta zo da sauƙi. Amma bakina ya riga hankalina, kamar yadda ya saba tun ina yaro.

"Ai Alhaji, shi kaɗai ya hito. Ikon Allah. Wata ce ta yar da ƙwallon lemu nan."

Ya sa sandarsa ya ƙwanƙwasa tayar, ya ƙwanƙwasa bulo ɗaya bayan ɗaya.

"Da tayarshi ya hito?"

Mushe ya shige ɗaki da sauri, na ji yana tari irin na mai haɗiye dariya. Tsohuwa ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Alhaji ya zauna bakin tabarma, ba da faɗa ba, ya ce in saurara. Ya ce su ma suna da wata gona a tudu da ubansu ya ba wani aro saboda zumunci. Mutumin ya dasa itatuwa uku a kan iyaka. Uban ya rasu, mai aron ya rasu, yau ɗiyan mai aron ke noma ta, kuma duk wanda anka tambaya sai ya nuna itatuwan. Ya ce gidan nan amana ce a hannunsa, ƙanensa ya yi shekaru yana dako a ƙasar mutane kafin ya tsai da shi, kuma takardun filin ba su gama fitowa daga lameri, ofishin magajin gari, ba.

"Kai ɗan ƙauye ne kamata, mai igiya. Ka san abin da ka yi. In baƙo ne sai in ce bai sani ba. Ga shi kuma ka dube ni ka yi mani ƙarya. Lahadi mai zuwa in iske ka sare shi. In ba ka iyawa, ka nemi wani gida."

Duk abin da ya faɗi gaskiya ne. Na kira mai gidan a waya ina ta kwana-kwana, ya saurare ni har na gama, ya ce abin da yayansa ya ce shi ke nan.

Barin gidan ba ƙaramin abu ba ne gare mu. A nan anka san mu. Mai ga-ruwa ya san ƙofarmu, masallaci taku kaɗan ne, gwiwar tsohuwa kuma ba ta son nisa. Mutum mai furfura ya ɗora katifa a amalanke yana yawon neman ɗaki, abin ba kyan gani. Na aro gatari ranar Talata. Na jingine shi a gindin iccen, ya kwana, ya sake kwana. Kullum in fito in dube shi in ce rana ta yi zafi, sai da yamma. Da yamma in ce magariba ta gabato.

Mushe ya ce abin mai sauƙi ne, takarda za a yi. Ya rubuta da Faransanci shafi guda cur, wai ni wane na shaida ba ni da komai a gidan nan, na dangwala yatsa. Na aika wa Alhaji da ita ta hannun wani direban Kalfu. Ta dawo mani washegari a ninke yadda ta tafi, da saƙon baki: takarda gara ke cinye ta, icce kuwa yana nan tsaye.

Ranar Juma'a tsohuwa ta ce, "Ka sare ko ka tahi wurin Liman. Gatarin mutane na tsatsa."

Limamin unguwarmu tsoho ne, shi ma noma ya tashe shi kafin karatu. Na ba shi labari, har da maganar taya, don na san in na ɓoye zai ji a wani wuri. Ya yi dariya har ya share ido da gefen rawani, sannan ya ce in kawo masa Alhaji ranar Lahadi bayan la'asar.

Munka zauna ƙofar masallaci, mutane kamar goma ba su watse ba. Liman ya bar Alhaji ya faɗi nasa duka. Sannan ya tambaye shi, a can wajenku, wanda ya ari gona, mi yake yi da kaka don kowa ya san ba tashi ba ce? Alhaji ya ce dami yake ɗaukowa ya kawo ƙofar mai gona da rana, mutane na gani. Liman ya ce, wanda ya ci gonarku yana kawowa? Alhaji ya ce ubansu ne ya ce mutumin ya bari, wai ai ƴan uwa ne.

"To ba itatuwan sunka ci gonarku ba, damin da anka bari ne," in ji Liman. "Icce mai ba mutane inuwa, ban so a sare shi. Mai igiya ya faɗi gaban jama'a cewa ba nashi ne ba. Kuma duk shekara tsinkar farko taku ce, ya kai maka kasuwa da hannunshi, ido na gani. Ranar da ya fasa, ka zo da gatarinka."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Ya ce ya yarda, amma sai na fara da gyara maganar ikon Allah.

Na miƙe. Na ce jama'a, lemun nan bai fito shi kaɗai ba, ni na dasa, tayar ma ni na sa. Anka yi dariya, ni ma na yi, wannan bai yi mani wuya ba, na saba zama abin dariya. Sauran maganar ce ta yi mani nauyi. Shekara sittin da wani abu a duniya, ban da gona, ban da fili, abu ɗaya da na sa a ƙasa ya kama ya rayu, shi ne zan ce ba nawa ba. Ban san haka abin yake a raina ba sai da na buɗe baki. Na dubi ƙasa na ce, iccen da ƙasar da yake kai na mai gida ne, ni mai ban ruwa ne kawai, ni da ɗiyana da jikokina ba mu da komai a ciki. Liman ya ce kun ji? Sunka ce mun ji. Anka shafa fatiha.

Da na koma gida tsohuwa ta dubi fuskata. Ta ɗauki gatarin da kanta ta mayar wa masu shi.

Katangar an gyara ta kafin kaka. Da lemu ya nuna na cika ƙwarya, na ɗora a ka tun daga bakin kasuwa har inda dillalan awaki ke zama, don a can Alhaji ke tsayawa. Ya karɓa ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji, ya ce ga lemun gidan ƙanena an kawo. Dillalai sunka yi ta yi mani tsiya, wai mai igiya ya zama talakan Kalfu. Daga baya na gane Alhaji ko son lemun tsami ba ya yi, haƙoransa ba su ɗauka. A nan wurin yake rabar da shi, ya miƙo mani ƙwaryata.

Kaka huɗu ke nan ina kaiwa, ban fasa ko ɗaya ba. Muna nan ɗakinmu na farko daga ƙofa. Yanzu in ya shigo gari yakan biyo gidan, wai duba katanga. Ya zauna a inuwa, tsohuwa ta kawo masa ruwa, ya ɗaga kai ya ce reshen can ya yi tsawo, a rage shi. In ce to, Alhaji, iccenku ne. In ya tafi in duba reshen, in ga bai yi wani tsawo ba, in bar shi.