Glenda Ta Amsa Abin da Ba Ta Ji Ba

Glenda Trengove haifaffiyar garin Port Pirie ce, kuma in ban da 'yan shekarun da ta yi a Whyalla tana amarya, ba ta taɓa zama wani gari ba. Ubanta a masana'antar narkar da dalma ya ƙare ƙarfinsa, uwarta kuwa mai dafa abinci ce a makarantar firamare. Tana 'yar aji biyu sanƙarau ya kwantar da ita, da ta tashi ta tashi ba kunnen hagu. Na dama ya riƙe ta har ta haifi 'ya'yanta biyu, daga nan shi ma ya fara ja da baya, har likita ya ba ta ɗan abin ƙara ji da take maƙalawa a bayan kunne.

Tun tana yarinya ta koyi dabara biyu. Ta farko kallon bakin mai magana. Ta biyu kuwa, in an maimaita mata magana sau biyu ba ta kama ba, sai kunya ta hana ta tambaya ta uku, ta yi murmushi ta gyaɗa kai ta ce "to". Da wannan "to" ɗin ta taɓa wayar gari da karen maƙwabta a gidanta na tsawon hutun Kirsimeti. Mijinta Des, direban motar dakon alkama, yakan ce shi ma yana zargin ba ta ji me ya tambaye ta ba ranar da ya nemi aurenta.

Ta haura shekara ashirin tana aiki a wani babban gidan wanki da ke bayan gari, inda ake wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal da gidajen kula da tsofaffi. Da ta shiga ɗakin injuna takan kashe abin kunnenta, don yana mayar da rugugin injin tamkar ana huda mata kai. Hakan bai taɓa damun kowa ba, a ɗakin nan ai mai kunne biyu ma ba ya jin na kusa da shi. Tsohuwar shugabar sashen in tana son magana da ita sai ta dafa mata kafaɗa ta tsaya gabanta, in kuma an sauya lokacin aiki ta rubuta a allo.

Da matar ta yi ritaya aka kawo Warren Kuhl. Dogo ne mai fara'a, da gashin baki da ya sauko ya rufe masa leɓe gaba ɗaya. Makonsa na farko ya cire allon ya sa lasifika a bango, ya ce zamani ya wuce alli. Kuma shi mutum ne mai ba da umarni yana tafiya, ƙarshen maganarsa kullum ƙeyarsa ce ke faɗa. Glenda ta same shi cikin ladabi ta yi masa bayanin kunnenta. Ya sa tafin hannu a bayan nasa kunnen, ya karkato kai ya buɗe baki, ko ba ta ji ba ta san "me?" ya ce. Waɗanda ke kusa suka yi dariya, ita ma ta taya su, don ba ta san abin da ya kamata ta yi da fuskarta ba.

Aka sanar da sauyin lokacin aiki ta lasifika, ta zo a makare, ya ba ta gargaɗi. Ya ɗauke ta daga wurin ninke tawul ya kai ta injin guga, wanda ƙararrawa kaɗai ke nuna zane ya maƙale a cikinsa. Zane ya maƙale ya babbake tana tsaye, sai ƙauri ne ya sanar da ita. Gargaɗi na biyu. Ta roƙi a sa mata fitila mai walƙiya a madadin ƙararrawar, ya ce nan gidan wanki ne, ba asibiti ba.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, wata rana wannan Warren ɗin zai ajiye mata yankan kek mai kwakwa a lokacin shan shayi, ya tambaye ta jikanta. Sai ta koma gida tana tunanin ko ita ce ta cika zargi. Des ya ce ta rabu da shi, irin mazan nan ne masu ɗanyen baki, ba mugunta ba ce. Abokiyar aikinta Mele, 'yar tsibirin Tonga mai ƙiba da yawan waƙa, ita ce ta tsayar da ita a wurin ajiye motoci, ta kama mata kafaɗu biyu ta juyo da ita.

"Yaya, kalli bakina da kyau. Kin san sunan da ya sa miki? Rediyo mara batir. Yana tsayawa a bayanki ya faɗi abin da ya ga dama, yara suna ƙyaƙyatawa. Jiya cewa ya yi gargaɗi ɗaya ya rage ya huta."

Glenda ta ce ko ba ta kama daidai ba, a maimaita. Mele ta maimaita, daidai ta kama.

Da taimakon 'yarta ta rubuta ƙorafi zuwa babban ofishin kamfanin a birnin Adelaide. Aka sa mata ranar sauraro. Ta yi wanka ta sa rigar zuwa coci, tana zaton wani zai zo. Da ta shiga ɗan ofishin sai ta tarar da tebur, da kujera, da waya a tsakiyar teburin an buɗe muryarta. Wata mata ce daga sashen kula da ma'aikata ke magana daga can. Babu baki, babu fuska. Muryar tana zuwa tana ɓacewa, ga injuna suna girgiza bangon. Glenda ta ce a maimaita, aka maimaita. Ta sake cewa, aka sake, a karo na biyun har da ɗan jan numfashi. Daga nan ta koma gidan jiya. Duk inda muryar ta tsaya alamar tana jiran amsa, sai ta ce "to". Ta fito tana jin ta yi ƙoƙari, ko kuka ba ta yi ba.

Bayan kwanaki manajan wurin ya tare ta a ƙofa yana murna, ya ce ya ji daɗi da ta amince a bar maganar bincike a yi sasanci tsakaninta da Warren, haka manya ke yi. Ta ce yaushe? Ya ce ai ita ta faɗa a waya, har an tambaye ta ko tana buƙatar wani taimako na musamman ta ce a ci gaba kawai.

A nan ne Mele ta ja ta wurin Vince Attard, wakilin ƙungiyar ƙwadago, wani gajeren dattijo da ke zagaya garuruwan yankin da tsohuwar mota. A shagon kifi da soyayyen dankali suka zauna. Vince ya iya magana da ita, yana kallonta yana buɗe baki, amma abin da ke fitowa daga bakin bai fi na wayar sauƙi ba. Ya ce cin zali daban, wariya saboda nakasa daban. Sunan da Warren ya sa mata cin zali ne, hana ta fitila wariya ce, gargaɗin kuwa ya danganta da ta inda aka kalle shi. Akwai hukumar da ke duba wannan, akwai mai duba wancan, kowace da nata wa'adi, kuma wani lokaci in ka shiga ɗaya ka rufe wa kanka ɗayar.

"To ni wanne aka yi min?" in ji Glenda.

"Duka biyu."

"Wacce ƙofa zan bi ke nan?"

Ya ɗauki dankali ya tauna. "Bari mu fara ganin abin da kamfanin zai ce tukuna."

Kalmar nakasa ma sai da ta kwana biyu tana juya ta. Ita a saninta mace ce da ba ta ji sosai. Nakasassu su ne masu keken guragu da ake ware wa wurin ajiye mota a bakin kanti. Amma Vince ya ce in ba ta yarda da sunan ba, doka ba ta da inda za ta kama ta riƙe.

Ya matsa wa kamfanin har aka dawo da binciken, aka turo wani mai bincike da jaka. Ya kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Masu dariyar duk suka ce ƙarar injuna ba ta barin su ji komai. Mele kaɗai ta faɗi abin da ta sani. Ana cikin haka kuma aka ce sasancin da ta amince da shi yana nan, ba ya hana bincike, binciken ma ba ya hana shi. Glenda ta tambayi Vince ko dole ne ta je. Ya ce ba dole ba ne, amma in ba ta je ba za a rubuta ba ta je ba.

Ta je. Warren ya shigo ya aske gashin bakin tas, da ƙyar ta gane shi. Karon farko ke nan da ta ga leɓensa, siriri ne. Ya ce mahaifiyarsa ma ba ta ji, haka suke tsokanarta a gida tana dariya. Ya ce in har Glenda ta ji zafi, to ta yi haƙuri. Idonsa ya kawo ruwa. Ta zauna tana kallonsa, ta kasa tantancewa ko don ita ya yi askin, ko wani ne ya ba shi shawara, ko kuwa zafin bazara ne kawai. Matar da ke jagorantar sasancin ta tambaye ta ko ta karɓi ban-haƙurin. Wannan karon ta ji tambayar sarai. Ta ce za ta yi tunani. Aka rubuta wani abu.

Sakamakon ya zo bayan an girbe alkama. Manaja ya karanta mata, Vince yana gefe. Ba a tabbatar da cin zali ba, ba a kuma ce bai faru ba. An gano akwai gyara a yadda ake isar da saƙo. An soke gargaɗi na farko, na biyu yana nan tunda zanen dai ya ƙone. Za a sa fitila a injin guga. Warren zai je horo, daga can ya wuce reshen Adelaide, wanda ya ninka nasu girma.

Des ya buɗe kwalbar giya ya ce ta kayar da shi, tunda ya bar garin. Mele ta ce ƙarin girma aka yi masa, a daina yaudarar kai. Vince ya ce a irin wannan harka wannan ba laifi, ya ga waɗanda suka fita da ƙasa da haka. Glenda ta yarda da kowannensu a lokacin da yake magana.

Aka sa fitilar, mai launin ruwan lemo. A makon ne kuma sabon shugaban sashe ya mayar da ita wurin ninke tawul, wai don a sauƙaƙa mata, fitilar ta ci gaba da yi wa wani saurayi mai lafiyayyen kunne walƙiya. Sabon shugaban mutumin kirki ne, sai dai tsoronta yake ji. Ko gaisuwa zai yi mata sai ya nemi wani ya tsaya kusa. A ɗakin shan shayi in ta shigo bakuna sukan tsaya, su koma zancen ruwan sama. Da ana yi mata dariya, yanzu an daina yin ta ma in tana wurin, kuma ba ta san wanne ya fi mata ciwo ba. Mele ce kawai ba ta sauya ba, ko da yake ita ma an rage mata aikin ƙarshen mako ba tare da an ce don me ba.

Vince ya aiko mata cewa har yanzu tana iya kai maganar wariyar gaban hukuma, amma wa'adi yana tafiya, ta yanke shawara. Ran Asabar Des ya ɗauke ta suka tafi Port Germein kamun ƙaguwa. Suka bi wata doguwar gadar katako da ta miƙe cikin teku har inda ruwa ya yi zurfi, suka jefa raga da kan kifi a ciki don jawo ƙaguwa. Iska tana kaɗawa, ta cire abin kunnen ta sa a aljihu. Des ya zagayo gabanta ya tambaye ta me za ta ce wa Vince.

Ta ce da safe takan tashi da niyyar kaiwa, kafin azahar niyyar ta gudu. Ta ce ita abin da take so ta sani kawai, an yarda an yi mata ba daidai ba ko ba a yarda ba, kuma duk wanda ta tambaya sai ya amsa mata wata tambayar daban.

Des ya sosa kai, ya ce shi dai duk abin da ta zaɓa zai kai ta a mota. Igiyar ta motsa, suka ja tare. Ƙaguwa biyu ne a ragar, ɗaya ba ta kai girman da doka ta yarda a ɗauka ba, Glenda ta kama ta ta baya ta mayar da ita ruwa.