Zafin da Waya Ba Ta Auna Ba a Shagon Baba

Shekarar da na gama jami'a, ina zaman jiran aiki, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Mahaifina tela ne a Fagge, kuma azumi a wurin tela lokacin ɗinkin Sallah ne, babu hutu. A shekarar ne kuma likita ya ce ƙodarsa ta fara gajiya, ya bar azumi ya koma ciyarwa.

Ni na raka shi asibiti, don haka da kunnena na ji. Baba ya ce tun tasowarsa bai taɓa shan azumi ba, ba kuwa zai fara da furfura ba. Suka yi ta ja kamar masu cinikin shadda, ga layi ya yi tsawo a waje. A ƙarshe likitan ya ce, "To Alhaji, aƙalla ranar da zafi zai kai arba'in, don Allah ka sha." Baba ya ce ya yarda. Ina jin likitan ya faɗi haka ne don ya sallame mu, amma ba ni da tabbas.

Daga ranar wayata ta zama alƙali a gidanmu. Kullum bayan an sha ruwa, Baba zai ajiye kofin kunu ya ce, "Furofesa, gobe nawa suka ce?"

Sai in buɗe hasashen yanayi. Talatin da takwas. Wata rana da tara.

"Baba, talatin da takwas suka rubuta, amma fa ban san yadda suke aunawa ba, kuma yana iya yiwuwa..."

"Ya kai arba'in ko bai kai ba?"

"A rubuce dai bai kai ba."

"To ajiye amma ɗinka, miƙo min ƙosai."

Shagon Baba rufin kwano ne, gajere, mai tsawo sai ya sunkuya. Ba taga, sai ƙofa. A gefe ga dutsen guga na gawayi da ba ya mutuwa tun safe, a bayan bango ga janaretan maƙwabci yana huro hayaƙi. Idan na kai masa saƙo da azahar, sai in tarar rigarsa ta manne da bayansa, leɓensa ya yi fari, ƙafarsa tana kan keke. In ciro waya in duba: talatin da takwas, da ɗan hoton rana mai kyau a gefe.

Na fara bincike, don abin da na iya ke nan. Na buɗe wasu shafukan. Wani ya ce talatin da bakwai, wani ya ce arba'in da ɗaya, duk a rana guda, duk Kano. Da na nuna wa Baba mai arba'in da ɗayan, sai ya ce, "Jiya da wanne ka duba? To shi za mu bi. Ka je ka nemo wanda zai faɗi abin da kake so, ko?"

Wani abokina ya ce daga filin jirgi ake ɗaukar awon, a fili, cikin inuwa. Wani ya ce ba a ma aunawa, na'ura ce a wata ƙasa take lissafi ta ba gari guda lamba ɗaya. Ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, babu wanda ya taɓa zuwa layinmu da ma'auni.

Sai na tafi Sabon Gari, shagon wata mata mai sayar da kayan kemis, 'yar wajen Zariya. Na ce ma'aunin zafi nake so, na bango.

Ta yi dariya ta ce, "Malam, zafin Kano za ka auna? Ka fita waje mana, kyauta ne."

Da na faɗa mata dalili, dariyar ta tsaya. Ta zaɓo min wanda ta ce ya fi kyau, ta naɗe a jarida, ta ce Allah ya ba Baba lafiya.

Na rataye shi a ƙusa kusa da kekensa. Kafin azahar jan layin ya haura arba'in da biyar. Na nuna wa Baba. An yi rashin sa'a yayana, mai shago a Kasuwar Singa, ya biyo karɓar ɗinkin 'ya'yansa.

Yayana ya ce, "Kai dai kullum cikin tsoro. Waya daga tauraron ɗan'adam take samun labari, kai ka kwaso mana kwalbar Sabon Gari za ka karya wa tsoho azumi."

Na ce, "Yaya, ita wayar ba nan take aunawa ba, ina ganin..."

Baba ya tsayar da keke. Ya ce, "Za ka rantse wannan abin naka ne daidai?"

Ban rantse ba, kuma ko yau ba zan iya ba. Ban san inda aka ƙera shi ba, ban san ko kusancinsa da gawayi ya ƙara masa ba. Na faɗi haka, domin gaskiya ce. Ita kuwa waya ba ta taɓa cewa wataƙila ba. Lambarta take rubutawa da manyan baƙaƙe, kamar wadda ta zo ta gani da idonta. A gidanmu wanda bai yi shakka ba shi ake bi.

A goman ƙarshe, bayan la'asar, maƙwabcinsa ya kira ni. Baba ya kife a kan keke, shaddar wani tana ƙarƙashin allura. Muka saka shi a adaidaita, muka maƙale a cunkoson mahaɗar Bata, ina ɗiga masa ruwa a baki yana kau da kai, wai saura kaɗan a sha ruwa.

A asibiti wani likitan muka samu daban. Ya ce, "Wa ya bar mai wannan ciwon ya yi azumi?" Na yi masa bayanin arba'in ɗin. Ya dube ni ya ce, "Arba'in a ina? A ƙarƙashin bishiya ko a gaban gawayi?" Yayana, da ya biyo mu asibitin, ya sunkuyar da kai, har yau kuma bai taɓa tayar da maganar ba.

Ƙodar ba ta dawo ba. Yanzu wankin ƙoda ake yi masa, shagon kuma wani ne a ciki. Masu hasashen ba su san an yi ba. Washegari ma sun rubuta lambarsu, kamar kullum.

Azumin bana ni nake kai masa abinci da rana. Sai ya ce in saki labule kada jikokinsa su gani. Ya juya fuskarsa ga bango ya ci da sauri, sannan ya turo min kwanon ba tare da ya waiwayo ba.