Damin Irin Aisami

A Gure kowa Habsu mai albasa yake ce mata. Lambunta yana cikin kwarin da ke gabas da gari, inda tudun rairayi ya yi zobe, ruwa yana kusa har jigo ke ɗebo shi. Can take wuni, ƙafa cikin taɓo. Amma ita ba 'yar garin ba ce. Daga wani ƙauye na gefen Damagaram Aisami ya auro ta, shekarar da aka fara labarin jirgin ƙasa ya iso Nguru. Auren bai wuce damina uku ba. Abin da ta fito da shi 'ya ɗaya ce, Mairamu, wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunyar 'yar fari. "Ke" take ce mata, in kuma da mutane ta ce "yarinyar nan".

Ranar da aka raba auren, alƙali ya ce reno nata ne, muddin ba ta sake aure ba, muddin kuma ba ta ƙaura da yarinyar nesa da ubanta ba. Habsu ta tambaya, kai a sunkuye, ina ne nesa. Ya ce abin da ya kai tafiyar kwana uku. Ta lanƙwasa yatsunta a cikin zane tana lissafi. Ƙauyensu kwana biyar ne a kan jaki.

Haka ta zauna. Adamu baduku ya aiko neman aurenta sau biyu, ta ce a ba shi haƙuri. Kowace kaka wanta Ɗan Talata yakan zo da jaki da saƙon Inna, mahaifiyarsu, kowace kaka ya koma da albasa kawai. Ko ziyara ba ta iya zuwa: in ta tafi da yarinyar Aisami zai ce ƙaura ce, in ta bar ta ba ta san abin da za ta tarar ba.

Shekarar da Mairamu ta cika bakwai, Ɗan Talata ya zo da labarin idon Inna ya kusa rufewa. Yana kwana na biyu a garin, sai Aisami ya gangaro kwarin, ya tsaya a kan kunyar albasa.

"Ki haɗa mata kayanta. Nguru zan koma."

"Cin rani?"

"Ƙaura. Uba in ya tashi da 'yarsa yake tashi, ki je ki tambayi malaman naki."

"Ka taka mini shuka," in ji Habsu.

"Albasa kike ji? To ki goya albasar."

Gaskiya ya faɗa, ta tambaya an tabbatar mata. Dokar da ta ɗaure ta shekara biyar ba ta ɗaure shi ba. In dai ƙaura ce ta zama, ba tafiyar neman abinci ba, yana da ikon ɗaukar yarinyar. Ga shi har ya sayar da akuyoyinsa, ya karɓo takardar wucewa daga wajen kumandan, baturen mulki, yana nuna ta a kasuwa.

Ranar Juma'a ta kai Mairamu gaida kakarta kamar yadda ta saba. Ya Kaka, uwar Aisami, ba ta taɓa juya mata baya ba ko bayan sakin. Habsu na durƙushe a ɗakin girki tana hura mata wuta, hayaƙi ya sa ta ɗaga kai. Can a sama, inda hayaƙin ke dukan rufi don kada ƙwaro ya shiga, an rataye dami uku na zangarniyar gero, manya zaɓaɓɓu, na bana. Iri ne. Ta dubi ɗaurin: kaba biyu a murɗe, ƙulli ta hagu. Ɗaurin Aisami ne; damina uku ta yi tana kwance wannan ƙullin. Ya Kaka ta ga inda idonta ya tsaya, ta kau da kai ta ce, "Wutar ta kama, 'yata."

Habsu ta kai ƙara. A zauren alƙali Aisami ya yi magana mai tsawo, ya ɗaga takardarsa. Da aka zo kan Habsu, sai ta ɗaga kai.

"Allah gafarta malam, a tambaye shi, gonarsa wa ya bar wa?"

"Na bar ta ga Allah," in ji Aisami. Mutane suka yi dariya.

"To irin da ya rataye a ɗakin Ya Kaka fa? A Nguru zai shuka shi daga nan?"

Dariyar ta tsaya. Duk wanda ke zauren manomi ne. Mai tashi da gaske yakan tafi da irinsa, ko ya raba wa dangi. Ba ya zaɓar zangarniya ɗaya bayan ɗaya ya rataye ta a hayaƙi, sai in yana da niyyar tsayawa a gonarsa ran da ruwan fari ya sauka.

"Na tsohuwa ne," in ji Aisami.

Aka aika aka kira Ya Kaka. Ta zo tana dogara sanda, ta zauna a bakin ƙofa. Alƙali ya tambaye ta irin na wane ne. Ta dubi ɗanta.

"Ni rabona da fartanya tun kafin a haifi jikata. Aisami, kada ka sa ni rantsuwa da furfura."

Alƙali ya yanke cewa tafiyar cin rani ce, yarinya ta zauna wurin uwarta. Sannan ya juyo ga Habsu. "Kin nuna da bakinki gidan uban yarinya Gure ne. Ke ma nan ne wurinki. Sharaɗin farko yana nan."

A waje Aisami ya naɗe takardarsa. "Kin ci. Ni zan je in ga jirgi in dawo. Ke fa?"

Habsu ta juya ta nufi kwari.

Washegari da safe ta cika wa Ɗan Talata mangala da albasa. Yana ɗaure kaya yana kallon ƙasa.

"Me zan ce wa Inna?"

Habsu ta jawo Mairamu, ta auna tsayinta da zaren kaba daga kai zuwa diddige, ta tsinke shi da haƙori, ta miƙa masa.

"Ka sa mata a hannu. Ka ce nan yarinyar ta kai."

Ta raka shi har kan tudun da ke yamma da kwarin, inda ta saba tsayawa duk shekara. Jakin ya gangara, ya ɓace a bayan wani tudun. Rana ta fara zafi, ga rabin lambu bai sha ruwa ba.

"Ke," ta ce, "zo ki buɗe mini kunya ruwa ya shiga."

Ta koma ta kama igiyar jigo.