Ranar da Na Dama Irin Geron Kakana

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Jiya-jiya munka aje biron jarabawar ƙarshe ta jami'a. Amma kafin in cika sitatus da hotuna, nic ce bari in sauke wani abu da ya daɗe zaune a ƙirjina. Lokacin da abin ya faru sabuwar gama sakandare ce ni, sabuwar waya a hannu, ji nike duk ƙauyenmu da ke gefen Gatawa ba mai lebul ɗina. 'Yar gayu ce ni ta gidan manoma. Burina guda, mu kwashe mu koma Sakkwato, inda kawuna ya ce ga ɗakuna nan a buɗe, tunda ɓarayin daji sun fara hana mutane zuwa gonakin nesa. Innata ta yarda, kowa ya yarda, sai kakana, wanda shi ke riƙe da gidan tun rasuwar babana.

Ni da tsohon nan abokan wasa ne. Amarya yake ce mini, ni ko in ce mishi ango mai haƙori uku. Amma da an ta da zancen tashi sai wasa ya ƙare, ya nuna wani ɗan ƙaramin rumbu da ke bayan ɗakinshi. Irin gero ne ciki. Duk kaka shi da kanshi ke bin gona shina zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure dami biyu, ya barbaɗe da toka, ya rufe. Labarin da munka taso muna ji shi ne, zamanin jihadi da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, wata kakar kakanninmu ta gudu arewa da goyo a baya da zangarniya ƙulle a haɓar zane. Da Gobirawa sunka dawo anka kafa Sabon Birni, jikokinta sunka dawo da geron, kuma tun sannan ba damanar da ba a shuka shi ba. Ni dai in ya fara, hamma nike ina latsa waya.

A waccan shekarar girbi bai yi auki ba. Kafin bazara namu na ci ya ƙare, geron kasuwa muke sha. Irin nan kaɗai ya rage, kuma a gidan manoma ko yara na kukan yunwa ba a taɓa iri. Nan shaiɗan ya ba ni dabara, ni kuma nij ji kamar na ci gasar basira: in ba iri ba shuka, in ba shuka mi zai zaunar da tsoho? Ran Juma'a, shina masallaci, Inna ta tafi barka, nib buɗe rumbun. Shap-shap na sussuke, na sheƙe, na surfa, na daka. Abin da ya rage na kai inji anka niƙe. Na dama fura mai kyau da nono, har da citta, na kai mishi da hannuna ina tsokanarshi wai ango ya sha ya ƙara ƙarfi.

Ludayi ɗaya ya kai baki. Bai haɗiye da wuri ba. Yad dube ni, yad dubi ƙwaryar, sannan ya aje ludayin a hankali yat tashi ya nufi bayan ɗaki. Wata nawa shina shan geron kasuwa, harshenshi bai mance nashi ba. Na tsaya jiran ashar ko sanda, wallahi da na fi son haka. Da ya dawo sai kawai yat tambaye ni, da sunana na yanka wanda bai taɓa kirana da shi ba, ko akwai sauran ko tafin hannu guda wanda bai ga turmi ba. Nic ce babu. Yac ce to, Allah shi kyauta. Daga ran nan ba amarya, ba wasa, abinci ma sai Inna ta roƙe shi. Da hadari ya fara haɗuwa, maƙwabta na gyaran sungumi, shi ko shina zaune bakin rumbu awa mai zaman makoki. Kuma zancen Sakkwato ko motsi bai yi ba. Ta kwaɓe mini gaba da baya.

Inna ba ta rage mini komai ba. Tac ce abin da yaƙi bai cinye ba, fari bai cinye ba, ni na cinye shi da nono da citta. Kuka ya ƙi ƙarewa, sai na koma ga abin da na iya. Na ɗauki murya a waya, na faɗi abin da na aikata ba ɓoye-ɓoye, na tura gurup ɗin dangi da na ƙawaye, ina roƙon duk mai irin geron gidanmu ya taimake ni. Danginmu na tsallaken iyaka sunka ce sun koma irin zamani mai saurin nuna. Na Burkusuma sunka ce nasu ya gauraye tuntuni. Wasu ko dariya sunka yi ta turo mini, wai 'yar boko ta sha tarihi.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, mashin ya tsaya ƙofar gidanmu. Wani tsohon malami ne daga garin Isa, kakan wata ƙawata, abokin tsokanar kakana tun suna samari. Gidansu gidan karatu ne, kakanninshi a bayan tutar jihadi sunka zo ƙasar nan. Ƙawata ce ta kunna mishi muryata. Tun daga zaure ya fara kiran ina Bagobirin nan mai taurin kai, ya fito ga baƙi. Kakana ya amsa daga ciki cewa baƙin da sunka shekara aru-aru ba su koma gida ba ai sun gaji da tarba. Sai malamin ya sa anka kwance dami biyu daga bayan mashin. Yac ce babanshi ya shaida mishi, da kakanninsu sunka zauna nan, alƙalami sunka iya ba fartanya ba, kuma a gidanmu sunka roƙi iri anka ba su, bayan duk abin da ya wuce tsakani. Tun sannan gona guda suke ware ma irin nan. Yac ce yau ya maido amana, amma kada Bagobiri ya ɗauka tsoronshi anka ji.

Kakana ya zare zangarniya guda, ya murza, ya shinshina, ya tauna ƙwaya biyu da haƙoran nan nashi uku. Hawaye na bin tsagen fuskarshi. Can ya waiwayo yac ce ina amaryar nan ɓarauniyar iri, ta zo ta gaida malam kafin ya rubuta mata takardar saki. Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Da ruwa ya sauka, shi ya sara ramin farko, ni ya sa na zuba iri na rufe da diddige. Nan cikin gona na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun farko. Yac ce shi bai taɓa rantsuwar ba zai tashi ba, ita ma mai haɓar zanen ai tashi ta yi. In zama ya gagara za shi tafi, amma da geronshi a hannu, don ya san da abin da zai dawo.

Har yau shina can, Allah na tsare mana su. Ni kuma da nike ɗokin tserewa, aikin gona na karanta, kuma gida za ni koma. Bayan ɗakin kawuna a Sakkwato ma na shuka kunya uku na geron nan, don kada a sake barin shi a rumbu guda. Na gode wa Allah, na gode wa malamin nan da ƙawata, na gode wa tsohon da ya yafe mini. 'Yan uwana masu waya a hannu, in tsohonku ya ƙi barin wuri, kada ku yi mishi dabara ta bayan fage. Ku aje wayar ku zauna ku tambaye shi mi ya riƙe shi. Ni na samu wanda ya kawo mini dami biyu a mashin, ba kowa ke samun haka ba.